Gidan mutum tara, albashi ɗaya: yadda wani iyali a Zariya suka sake lissafin mota, makaranta da abinci

Iyalin da zan yi bayani a kansu suna zaune a bayan Samaru, ta wajen hanyar Bomo, inda gidaje suka fara cin gonaki. Ba zan kama sunan kowa ba, don da sharaɗin a sakaya su suka yarda a ba da labarin. Ta dalilin aikina na koyarwa na san su. Uwargidan ce ta roƙe ni in riƙa gwada yaran a ƙarshen kowane zango, in faɗa mata tsakani da Allah ko gaba suke yi ko baya. Ta nan na ga littafin lissafinsu, na kuma ji ta bakin kowa, har da waɗanda ba su goyi bayan abin da suka yi ba.

Yanzu ko'ina ka zauna sai ka ji ana cewa a koma gona, a rage kashe kuɗi, kamar da baki ake yi. Su sun yi da hannu, kuma ya yi musu rana. Sai dai duk kuɗin da suka daina fitarwa sun biya shi da lokaci da ƙarfin jiki, kuma kaso mafi nauyi a wuyan mace ɗaya ya faɗa.

Kafin abubuwa su juya

Maigidan matsakaicin ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin manyan makarantun ɓangaren Samaru. Uwargidan tana da shaidar NCE, tana koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. 'Ya'yansu huɗu, suna haya a Tudun Wada, ciki biyu da falo. Suna da Golf 3 wagon da ya saya a hannun wani abokin aikinsa shekaru da dama da suka wuce. Kullum da safe motar za ta sauke yara a makaranta, ta sauke uwargida, ta bi ta PZ da Kwangila ta kai shi aiki, da yamma ta sake zagayowa. Kusan kilomita 40 ke nan a rana, kuma a cikin gari motar ba ta wuce kilomita 10 a lita guda. Lita 4 a rana, lita 88 a kwanakin aiki 22 na wata.

Lokacin da lita take ƙasa da naira 200, wannan bai kai naira 18,000 ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabin rantsar da shi, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, kuɗin mansu na wata ya wuce 44,000. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Da sun ci gaba da wancan zagayen, da mai kaɗai zai riƙa cin sama da 88,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yuli 2024 naira 70,000 ne.

Ana cikin haka, a ƙarshen 2023, yayan maigidan ya rasu a ƙauyensu bayan gajeriyar jinya. Matarsa ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da na goye. Sauran yaran biyu, namiji ɗan shekara 10 da mace 'yar shekara 7, dangi suka ce ƙanin ubansu ya riƙe su. Babu wanda ya tambaye shi ko zai iya, shi ma bai tsaya tambayar kansa ba. Inna, mahaifiyarsu, wadda dama a gidan marigayin take, ita ma ta taho, da hawan jininta da ciwon gwiwa. Gidan mutum shida ya koma na mutum tara, ga kuɗin haya ya zo kuma an ƙara.

Suna da fuloti biyu a jere da ya biya kaɗan-kaɗan ta ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, da ɗakuna uku da suka tsaya a linta. Da kuɗin da za su biya haya, da wani bashi daga ƙungiyar, suka rufa kwano, suka sa ƙofofi, suka haƙa rijiya da masai. Ba su yi filasta ba. Suka tare a watan Afrilu 2024, gab da faɗuwar damina.

Motar

Kusan duk wanda ya nemi shawararsa cewa ya yi a sayar. Shi ma ya fara karkata can, har dillali ya zo ya duba. Uwargida ce ta tsaya. Ta ce masa, "Malam, in ka sayar da ita yau ba za ka sake sayen irinta ba. Kuma ranar da jinin Inna ya hau da tsakar dare, wa za ka buga wa ƙofa?" Tana da hujja ta fuska biyu. Tun da darajar naira ta faɗi bayan Yuni 2023, farashin motocin hannu da kayan gyaransu ya yi tashin gwauron zabi. Sannan a unguwar da suka koma, bayan isha'i ba ka samun Keke Napep, ga asibitin koyarwa na Shika ba wurin zuwa a ƙafa ba ne da tsohuwa.

Sai suka canza wa motar aiki. Ta daina zama abin hawa na kullum, ta koma abin ɗaukar kaya da marar lafiya. Wurin aiki ya matso kusa, ya sayi tsohon keke yana zuwa da shi, kuma ya gaya mini kunyar makon farko ta fi ciwon cinya damunsa. Motar tana fita kamar sau biyu a mako, kuma ba ta fita don buƙata ɗaya. Akwai takarda manne a bayan ƙofar ɗaki, duk wanda ya tuna abin da za a yi a gari sai ya rubuta: niƙa, maganin Inna, cika tukunyar gas, gaishe da marar lafiya a Gyallesu, ɗauko taki. Sai takardar ta cika ake tada mota. A aljihun motar kuma akwai ƙaramin littafi da yake rubuta kilomita da litar da ya sha. Da shi ya gane cewa man wata ya sauko zuwa wajen lita 20.

In za shi kasuwar Giwa sayen hatsi ko dusa, yana sanar da maƙwabta biyu ko uku, su tafi tare su haɗa kuɗin mai. Ya ƙi yarda abin ya wuce haka ya zama haya, domin takardunsa da inshorarsa na motar gida ne. Inshorar ma, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairu 2023, bai taɓa bari ta ƙare ba, yana cewa tarar kwana ɗaya za ta cinye abin da ya tattala a wata.

Ajiye mota ma yana da nasa ciwon, kuma wannan ne mutane ba sa sa wa a lissafi. Batir ya mutu masa tun a watannin farko, sai ya koyi cire kan batir in za ta kwana biyu ba ta fita ba. Rana ta fara tsattsaga tayoyi, ya yi mata rumfa da kara da tsohon kwano. Mafi tsada shi ne ɓeraye. Da aka shigo da masara gida suka yawaita, suka shiga ƙarƙashin bonet suka cinye wayoyi, sai da aka kira mai wayarin. Tun daga nan aka raba wurin ajiyar hatsi da rumfar mota, aka kuma kawo kyanwa.

Juyen baƙin mai, canza filogi, da share filtar iska, wadda hunturun Zariya ke toshewa da ƙura, duk shi yake yi da kansa ranar Asabar, yaran maza suna miƙa masa sifana. Birki da belin taimin kuwa bai taɓa sa musu hannu ba, sai bakanike, domin ya san wasa da su na iya cin inji ko rai. Bakaniken nasa ne ma ya gano cewa tun da daɗewa wani ya cire wa motar tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, kamar yadda ake yawan yi da sunan hana zafi, alhali injin da bai kai zafin da ya kamata ba ya fi shan mai. Aka mayar, aka wanke lagireto, littafin aljihu ya nuna bambanci.

Wuri ɗaya tattalin ya kusa zama asara. Ya sayi tayoyin Beljiyam masu araha bai duba shekarunsu ba, ɗaya ta fashe a hanyar Shika da Inna a ciki. Allah ya kiyaye, ba gudu yake yi ba. Mai faci ne ya nuna masa lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ashe ta haura shekara goma. Ya kuma daina wata ɗabi'a da ya ɗauko wajen direbobi, ta kashe inji a gangara, bayan an fahimtar da shi cewa birki yana rasa ƙarfinsa in inji ba ya aiki. An yi masa tayin mayar da ita mai amfani da iskar gas, ya ce tukunyar za ta cinye but, wato wurin sa kaya na bayan mota, kuma don but ɗin yake riƙe da motar.

Karatu a gida

Nan ne aka fi samun saɓani, kuma nan na fi sanin abin da ya faru. Yaran da suka isa makaranta biyar ne. Kuɗin makarantar kuɗi na mutum biyar ya fi ƙarfinsu, ga nisa. Firamaren gwamnati mafi kusa kuma ajujuwanta sun cika maƙil, sannan akwai kwari a tsakani da ke kawo ruwa da damina. Albashin uwargida a makarantar da take koyarwa, da suka lissafa, kuɗin mota ya kusa cinye shi. Sai ta ajiye aikin. Babbar 'yar, wadda take aji ɗaya a ƙaramar sakandare, aka mayar da ita makarantar gwamnati don kada ta rasa jarrabawar aji uku. Sauran huɗun suka zauna gida.

Ga mutumin Zariya, karatu a cikin gida ba baƙon abu ba ne. Malaman birni, a unguwanni irin su Kona da Juma, sun daɗe suna yaye almajirai a zaurukansu, ba aji ba ƙararrawa, kowa yana tafiya gwargwadon inda ya kai a littafinsa. Abin da yake baƙo shi ne a yi boko a haka. Da wannan tsarin na zaure uwargida ta yi koyi. Ba ta raba yaran da shekaru ko da ajin da suka baro ba, ta raba su da abin da kowa ya iya.

Gwajin farko ya tayar mata da hankali. Marayan, wanda takardarsa ta ce aji huɗu yake, ba ya iya karanta jimla ɗaya ko da Hausa, amma yana iya kwafe allo tsaf da kyakkyawan rubutu. Shekara huɗu yana kwafa ba wanda ya lura. Ta ajiye littattafan Turanci gefe, ta fara da shi da ƙanwarsa daga baƙi da wasali, ba be bi bo bu. Rubutun Hausa yana tafiya daidai da furuci, don haka yaron da ya kama ƙa'idar haɗa baƙi yana saurin buɗewa. Kafin ƙarshen wannan zangon yana karanta wa Inna labari. Sai bayan nan ta shigo da Turanci, kuma ya fi sauri fiye da yadda ta zata. A ganina wannan ce shawara mafi kyau da aka yanke a gidan gaba ɗaya.

Tsarin ranar mai sauƙi ne. Bayan asuba makarantar allo a gidan malamin unguwa. Daga ƙarfe 8:30 zuwa 11:30 boko a tsakar gida, da allon katako da aka shafa wa baƙin fenti. Bayan la'asar Islamiyya. Ta samo manhajar firamare ta ƙasa a wajen tsohuwar abokiyar aikinta, ta sayi littattafan hannu a kasuwar Sabon Gari. Lissafi kuwa yawancinsa daga aikin gidan ake ɗaukarsa. Yarinya ɗaya ke rubuta ƙwan da aka samu, yaro ɗaya ke auna tiyar masara, babban ke kwafe littafin mai na mota ya fitar da kilomita nawa lita ta yi.

Da na gwada su, na samu sun wuce sa'o'insu da na saba gani a karatun Hausa da lissafin baki. Amma akwai giɓi, kuma na faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Turancinsu na takarda ne, ba sa iya buɗe baki su yi magana. Ba su saba rubutu a cikin ƙayyadadden lokaci ba. Kimiyya ta tsaya a hadda. Abin da ya fi damuna, na lura in aiki ya taso ana tsakiyar darasi, 'yan matan ake tasa su ɗora tukunya ko su goya ƙaramin ɗan gidan, mazan su ci gaba. Ba da niyya take yi ba, sabo ne. Ta karɓi maganar, ta sa doka cewa kafin 11:30 ba a aiken kowa.

Akwai kuma doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara tara ke nan, kuma ba ta yi tanadin karatun gida ba. Ko an bar maganar hukunci, yaron da sunansa ba ya cikin rajistar kowace makaranta ba shi da takardar shaidar gama firamare, ba shi da makin gwajin aji, kuma ranar neman shiga sakandare za a tambaye su.

Kafin doka ta zo, dangi ne suka zo. Magana ta je wa dangin uwar marayun cewa an cire 'ya'yan marigayi daga makaranta an mai da su 'yan aikin gona. A wurinmu babu zargin da ya fi wannan nauyi a kan mai riƙon maraya. Kawun yaran ya zo takanas, ransa a ɓace. Maigida bai yi musu da shi ba. Ya ce, "Yaya, ga nawa nan biyu, tare suke zaune a tabarma ɗaya. Abin da na yi wa nawa shi na yi musu. Amma ka gwada shi da kanka." Kawu ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa wa yaron, yaron ya karanta har ƙarshe. Kawu ya sauko, amma bai janye gaba ɗaya ba. Ya ce ya ga karatu, saura takarda, kuma maraya ya fi kowa buƙatar takarda don ba shi da uban da zai tsaya masa. Ni ma a nan ina tare da kawu.

A kan haka aka yi matsaya. A Satumba 2025 aka sa mazan biyu a firamaren gwamnati, ɗaya aji shida ɗaya aji biyar, don su shiga rajista su kuma saba da zaman jarrabawa. Darasin gida nasu ya koma bayan magariba. Ƙananan matan suna gida tukuna, da niyyar su ma su bi sahu in sun kai aji huɗu.

Gona da tsakar gida

Wani dattijo a unguwar ya ba su aron gona kamar eka guda. Kasancewarsu a Samaru ya taimaka, domin nan cibiyar binciken aikin gona ta IAR take, wadda ta fitar da ire-iren masara na SAMMAZ da na wake na SAMPEA. Ya samo irin masara mai jure wuta-wuta, ciyawar nan mai kassara hatsi, ya shuka a watan Yuni, ya sa wake a tsakani daga baya. Takin zamani buhu biyu kawai ya iya saya, ya cike da kashin kaji da shara. Tsutsar masara, wadda ta shigo ƙasar nan tun 2016, ta taɓa gonar, sai da ya yi feshi.

Ya samu buhu tara. Da yake ya kai nisabi, ya fitar da zakka ɗaya bisa goma, ya kai wa mai gona buhu guda na godiya. Abin da ya rage wajen buhu bakwai ne. Buhu yana da tiya 40, gidan kuma yana cin kamar tiya guda a rana, wato tuwo da kokon wata tara. A shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Waken kuma aka zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an sa magani ba.

Fuloti na biyu ya zama lambun miya: kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo, kabewa, da zogale a jikin katanga. Da damina ana busar da rarar don rani. Ruwan kwano yana bin indararo ya shiga tanki, ruwan wanke-wanke kuma yana tafiya gindin zogale. Rijiyar tana ja baya sosai a Maris da Afrilu, a lokacin lambun yakan tsaya, wani sa'in har su sayi ruwa wajen 'yan garuwa.

Kiwo bai zo da sauƙi ba. Ta fara da 'yan kajin ƙwai, amma kuɗin abincinsu ya fi ƙwan, ta sayar. Kajin Hausa da suka rage, annobar hunturu ta kashe fiye da rabi, don ba a yi musu rigakafi ba. Kwalbar rigakafin guda ta ishi kaji ɗari ko fiye, kuma in an buɗe ba ta ajiyuwa, saboda haka yanzu matan layin suke haɗa kuɗi su yi wa kajinsu rana ɗaya. Awaki biyu ne suka fi amfani, suna cin harawa da dusa daga gonar, suna mayar da taki.

Shinkafa, man girki, sabulu, maganin Inna, taki, fetur, kuɗin 'yan sintiri, duk har gobe daga albashi suke fitowa. Na ƙarshen ba a wasa da shi, don a shekarun baya wasu unguwannin gefen Zariya sun sha fama da masu satar mutane. Kuma in ka duba da kyau, gonar aro ce, man zuwa kasuwa haɗaka ne, rigakafin kaji haɗaka ne. Abin da ake kira dogaro da kai a gidan nan, rabinsa dogaro ne da maƙwabta.

Wanda ya ɗauki nauyin

A watan Agusta na daminar farko uwargida ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro, aka kuma ce jininta ya yi ƙasa. Makonnin da ta yi a kwance, makaranta ta tsaya, lambu ya cika da ciyawa, kaji suka watse, babbar 'yar ta fara fashin makaranta don girki. A nan ne maigida ya ga abin da littafin lissafi bai nuna masa ba. Yana rubuta litar da ya rage da kuɗin makarantar da bai biya ba, amma babu shafin da aka rubuta cewa mace ɗaya ce malama, mai girki da itace, mai jan ruwa, mai jinyar suruka, mai ban ruwan lambu, daga asuba har bayan isha'i.

Da ta tashi ta faɗa masa abin da ke cinta, kuma ba gajiyar ta fara ambata ba. Ta ce, "Malam, da ina aiki, in an yi haihuwa a gidanmu ba sai na tambaye ka kuɗin barka ba. Ina zubin adashe, ina aika wa Babanmu da ɗan abin goro. Yanzu ko kati sai na roƙa." Albashin nan da suka raina a lissafi, shi ne abin da take taɓawa ba tare da neman izini ba. Wannan magana ta fi duk sauran tsaya mini, domin na san mata da yawa da aka zaunar a gida da sunan tattali, ba wanda ya tambaye su me suka rasa.

An yi gyara, ko da bai kai yadda nake so ba. Awaki da kaji da duk abin da suka haifar sun zama nata, ta sayar ko ta ajiye. Inna ta karɓi kula da ƙaramin da kaji da gyaran ganye, tana zaune a kan tabarmarta, kuma ta ce ta fi jin daɗin jikinta tun da aka daina hana ta taɓa komai. Maigida ya ɗauki jan ruwan safe da darasin lissafi na Asabar. An koma girkin safe da gas duk da tsadarsa, don awa guda da ake ɓatawa wajen hura itace daga lokacin darasi take fita. Sannan wata maƙwabciya mai shaidar difloma ta kawo 'ya'yanta biyu, ta karɓi Turancin baki kwana biyu a mako. Wasu iyayen suka ga haka suka kawo nasu, suna ba da ɗan abin alli a ƙarshen wata, kuma wannan kuɗin na matan biyu ne.

Inda suke yanzu

Bashin ƙungiya ya kusa ƙarewa, an yi wa ɗakin Inna filasta, marayan yana shirin jarrabawar shiga sakandare. Amma abubuwa uku suna gabansu a lokaci guda. Injin Golf ya fara cin baƙin mai yana hayaƙi, bakanike ya ce sai an sauke shi. 'Ya'yan dattijon da ya ba su aron gona suna maganar yanka ta fuloti-fuloti, kamar yadda ake yi wa gonakin yankin, kuma gonar da za a samu a madadinta ta fi nisa, wato ƙarin mai. Yaran da ke zuwa darasi kuma sun fi ƙarfin tsakar gida, har an fara ba uwargida shawara ta nemi izinin hukuma ta mayar da abin makaranta sosai, wanda zai buƙaci ɗaki da benci da ban-ɗaki na daban.

Kuɗin da ke hannu bai isa biyu daga cikin ukun ba, kuma mafi yawansa na awakinta ne. Maigida yana ganin inji ne a gaba saboda Inna. Ita tana ganin ɗakin karatu ne, don shi kaɗai ne a cikin ukun zai riƙa kawo kuɗi. Sun yarda ba za a taɓa kuɗin ba sai bayan girbi, in an ga abin da gona ta bayar da kuma abin da magadan dattijon suka yanke.